Yaƙin Tanimu da Wayoyi Ɗari Uku

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe wannan babi, domin na baya su san abin da ya gudana ga Tanimu ɗan Mamuda Mai Kalangu, jikan Barau wanda kiɗansa ke sa mahauci ya manta wuƙa a cinyar sa, tattaɓa kunnen Jatau da ya yi wa fawa kiɗa shekara sittin bai taɓa tsallake sunan kowa ba. Shi kuwa Tanimu, fasihin zamani, garkuwar shagon cajin waya, suna ya gada, hannun bai iso gare shi ba. Sau ɗaya ya rataya kalangu, mahaifiyarsa ta leƙo ta tambayi wa ke gyaran kwano.

Saboda haka ya koma ga kwamfuta, ya ƙware a wata manhaja da ake haɗa kiɗa da zane. Akwatuna ake jerawa a fuskar na'ura, wannan na bugu, wancan na amo, wani na riƙe muryar da aka ɗauka, sai a ja siririyar waya daga bakin ɗaya zuwa kunnen ɗaya. In an ja daidai, kiɗa ya fito. In an kuskure, Allah kaɗai ya san abin da zai fito.

Ana nan sai mahautan kasuwarmu suka sa ranar walimar sabon rufin mayanka, ga kuma Baffa Hudu, makaɗin gidan, kafaɗa ta riƙe. Mutanen suka ce ko dai gidan Jatau ya kawo kiɗa, ko su ɗauko makaɗan ƙetaren kwalta, kuma in aka ɗauko su an ɗauko ke nan har abada. Tanimu ya buga ƙirji. Baffa ya ja masa kunne da abu ɗaya: sunan Sarkin Fawa Alhaji Namadi shi ne farko, sauran su biyo bisa girma, har a sauka kan Ilu mai kayan ciki.

Gwarzo ya ɗauki muryar Baffa yana wasa mutum arba'in da ɗaya, ya girke tsohuwar rundunar akwatunansa, ya shimfiɗa wayoyi ɗari uku, ya danna. Na'ura ta buɗe baki da sunan Ilu. Ya sake dannawa, ta fara da ma'ajin mahauta. A karo na uku Sarkin Fawa ya zo na goma sha bakwai, tsakanin masu balangu biyu. A cikin rundunar akwai munafuki, wani akwatin zaɓen kan mai uwa da wabi da ya dasa tun bara don ƙawata ganga, ya manta inda ya ajiye shi.

Ranar Talata da hantsi aka ja daga. Sadauki ya naɗe hannun riga, ya kama linzamin kwamfuta, ya yi kirari: "Ni ne na Mamuda, sai na ga bayanka!" Mai shayin da ke maƙwabtaka ya ɗauka da shi ake, ya kawo masa kofi. Ya kutsa ta gabas ya datse wayoyi goma sha biyu, ganga ta mutu. Ya mayar da su, ganga ta farfaɗo da muryar ƙuge. Kwana uku ana gwabzawa, gumi na ɗiga a kan madannai, har ranar Alhamis bayan azahar ya ɗaga wani babban akwati ya tarar da maƙiyi laɓe a ƙarƙashinsa. Cikin fushin nasara ya shafe shi tare da duk maƙwabtansa, har da bawan Allah akwatin da ke tsayar da kiɗa ya mai da shi farko. Sannan, don kada a samu kuskure ranar taro, ya ɗaura akwatin agogo, ya umarce shi ya tayar da kiɗa ƙarfe huɗu daidai, kamar yadda katin gayyata ya faɗa.

Ni dai na tausaya masa, don duk mai hankali a garin nan ya san abin da ƙarfe huɗun kati take nufi. Ranar walima, huɗu na bugawa lasifika ta ɗauka, kalangu ya fito zaƙi ƙarara, muryar Baffa ta wasa Sarkin Fawa wasa mai tsuma zuciya, a gaban kujerun roba casa'in da masu ɗaura rumfa biyu. Tanimu ya nemi abin tsayarwa, babu. Sunaye suka yi ta gangarowa bisa girma, babu kuskure ko ɗaya, mutane na shigowa ɗai-ɗai.

Motar Alhaji Namadi ta tsaya daidai lokacin da aka iso na arba'in da ɗaya. Manya suka miƙe masa, ya taka har mazauninsa, babbar riga na jan ƙasa, lasifika na kiran Ilu gwanin wanke tumbi. Ya zauna, ya dubi ma'aji, ya ce: "A kashe rediyon nan, a aika ƙetaren kwalta."

Ilu ne kaɗai ya nemi jarumi bayan taro, idonsa cike da ƙwalla, ya ce tunda yake ba a taɓa wasa shi manya na tsaye ba. Tanimu ya koma gida da kwamfuta a hammata da ledar hanji a hannu.