Rasuwar Wayar da Ta Share Tabon Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannayen da har yanzu fenti bai gama fita daga ƙarƙashin faratansu ba, iyalan mai haɗa fenti na shagon bakin titi, wanda gida da waje aka fi sani da Tsaya-Haka, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa mai idanu uku. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara huɗu da wata biyar a hannunsa, bayan doguwar jinya da gajeren hatsari. Ta tafi da hotuna dubu goma sha ɗaya a cikinta, kuma mai ita ya yafe mata duka in ban da guda ɗaya. Wannan gudan shi ya hana shi cin abinci, hoton mahaifiyarsa Inna ne, Allah ya jiƙanta, kuma babu shi a ko'ina sai a cikin marigayiyar.

Kafin zuwan marigayiya gidan, mai ita mutum ne kamar kowa. Ya buɗe shago da safe, ya haɗa wa mutane fenti launin ruwan madara da ruwan ƙasa, ya koma gida ya ci abincinsa da zafinsa. Ita ce ta buɗe masa ido ya gane ashe shi mai fasaha ne da aka haifa cikin jahilai. Daga nan aka fara ganin magidanci mai 'ya'ya uku kwance rub da ciki a bakin kwata yana ɗaukar hoton gajimare a cikin ruwan da ya kwanta. Ya ɗauki tsatsar kwaɗon ƙofa, ya ɗauki inuwar tsintsiya, ya ɗauki silifa wari ɗaya a kan shara ya raɗa wa hoton suna Kaɗaici. Duk wanda ya gitta ta inda hasken yamma ya faɗo, ko da tukunya mai zafi ce a hannunsa, sai ya ji an ce masa ya tsaya haka. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Ba ta da yawan magana. Iyakarta "ƙyas" idan ta ɗauka, da wani ɗan "ɗin-ɗin" mai ban tausayi idan yunwar caji ta kama ta, wanda mai ita kan tashi dominsa da saurin da bai taɓa tashi da shi ba don kukan jaririnsa. Babbar kyautarta kuwa, babu wanda ya taɓa shiga cikinta ya fito da muninsa. Direban da ke maƙwabtaka da shagon ya shiga da tumbi ya fito da cikin ɗan wasan ƙwallo. Mai gidan haya ya samu gashin da ya rabu da shi shekara ashirin. Wani ƙanin matar mai ita ya kai hotonsa wurin neman aiki, aka dubi hoton aka dube shi, aka ce ya koma ya turo mai hoton da kansa.

A yi mata adalci dai, marigayiya ba maƙaryaciya ba ce. Idanunta uku abin da ke nan suke gani. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, fadawanta kuwa manhajojin gyaran hoto ne guda bakwai da babban ɗan yatsan mai ita. Wata ta goge ƙuraje, wata ta wanke haƙora, wata ta cire bolar da ke bayanka ta dasa furanni. Shi kuma yana da dokoki biyu da ba ya ɗagawa. Ta farko, idan dangi sun taru ba mai fito da wayarsa, don a cewarsa hannun da bai san haske ba ɓata fuskar mutane yake. Dangi suka bi, tun da nasa hoton ya fi kyau kuma kowa na son kansa. Ta biyu, hoton da ba a gyara ba ɗanye ne, ɗanye kuwa ba ya fita waje. Da ya gama gyara sai ya goge na asalin, kamar yadda yake wanke bokiti bayan ya juye fenti.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa gode wa marigayiya ba, ita ce Inna. Tana da tabon ƙuna daga ƙarƙashin kunnenta na hagu har zuwa wuya. Ta same shi ranar da Tsaya-Haka, yana da shekara biyu, ya jawo tukunyar tafasasshen ruwa, ita kuma ta kifa a kansa ruwan ya sauka a nata jikin. Tun yana yaro yake kawar da kai daga wannan tabo, da ya samu waya kuma ya ga hanyar biyan alheri ta samu. Ya zauna ya share tabon tas, ya goge tamojin goshi, ya cike giɓin haƙoranta, ya kai mata yana jiran sa albarka.

Inna ta karɓi wayar, ta nisanta ta daga idonta, ta matso da ita, sannan ta ce, "Wannan kuma 'yar gidan wa ce?"

"Ke ce mana, Inna. Na ɗan gyara haske ne kawai."

"Shekara saba'in ina tara fuskar nan, kai ka share ta da ɗan yatsa kafin shayi ya huce. To ka gaishe ta, tana da kyau."

Ya yi dariya ya ce tsofaffi ba su san fasaha ba. Ya kai hoton aka wanke shi babba, aka sa masa gilashi, ya rataye a falo. Duk hoton Inna da marigayiya ta ɗauka bayan wannan, hanyar da ya bi ke nan, ɗanyen kuma ya bi 'yan'uwansa.

Guda ɗaya ya tsira, shi ma bisa kuskure. Wata safiya ya ajiye kofin shayi a bakin taga yana jiran tururin ya haɗu da hasken rana yadda yake so. Inna ta gaji da kallon shayi yana mutuwa a banza, ta miƙo hannu ta ɗauke kofin daidai lokacin da marigayiya ta ce "ƙyas". Hoton ya karkace, rabin kofin ya fita, ga tsumman goge-goge rataye a bayanta. Amma ga Inna tana ƙyalƙyala dariya, giɓi a waje, ɗankwali ya zame, tabon nan ya fito sarai a cikin hasken da aka tanadar wa tururi. Ya yi niyyar gogewa, aka kira shi shago, ya manta.

Wata takwas da suka wuce Inna ta rasu. Sai da masu gaisuwa suka watse ya zauna yana bin hotunanta ɗaya bayan ɗaya, ya iske mata ɗari da wani abu masu santsin fuska, babu uwarsa a cikinsu. Can ƙasa ya ci karo da na shayin. Tun daga ranar, duk lokacin da shago ya yi shiru sai ya zagaya bayan gwangwanayen fenti ya buɗe shi, ya sa ɗan yatsan nan nasa a kan tabon ya bar shi a wurin. Yana kewarta ƙwarai, kuma a wannan hoton kaɗai yake samunta.

Yayarsa mace, wadda ita ce babba a ɗakinsu, ta hango hoton sau ɗaya ta kafaɗarsa, ta roƙe shi ya tura mata. Sau uku tana roƙo. Kullum amsarsa ita ce ta bari ya ɗan daidaita shi tukuna, don ba zai yiwu hoto karkatacce ya fita da sunansa ba. Idan ya buɗe manhajar kuma sai hannunsa ya ƙi. Bai iya gyarawa ba, bai iya tura ɗanye ba, ko wa kansa bai tura ba. Yaya ta ce masa ya yi a hankali kada garin gyaran gira a rasa ido, ya ce ita ma ba ta san fasaha ba.

A wannan tsakanin ne jinya ta kama marigayiya. Ta fara da cikar ciki, kullum tana sanar da cewa ba sauran wuri. Daga nan batir ya kumbura har bayanta ya ɗaga, jikinta ya riƙa zafi, tana suma tsakar rana ba sallama. Matarsa ta ce ya kwashe abin da ke ciki tun da sauran numfashi, ya ce sai ranar da ya samu natsuwa. Ranar Talata wani ya yi odar farin fenti babban bokiti. Yana juyawa ya ɗiga baƙi kaɗan, sai ga wani zane ya murɗe a saman farin, irin wanda ba ya dawowa sau biyu. Ya ciro marigayiya da hannu mai santsi, ya sunkuya, ya ce wa fentin ya tsaya haka. Ta ce "ƙyas", ta suɓuce, ta ce "tsulum". Wadda ta shekara huɗu tana haskaka fatar jama'a ta cika a cikin fari tas, ba tabo ko ɗaya a jikinta.

An garzaya da ita wurin mai gyaran waya na ƙarƙashin bene. Ya buɗe ta, ya wanke, ya busa mata iska mai zafi, ya sa mata sabon batir, ya kwana biyu a kanta. A rana ta uku ya cire tabaransa ya ce kumburin nan ne ya buɗe wa fenti ƙofa, ya shiga har ƙwaƙwalwa. Tsaya-Haka ya ce shi ba wayar yake so ba, hoto ɗaya ne. Mai gyara ya tambaye shi ina ya ajiye kwafinsa, da ya ji babu kwafi sai ya mayar da tabaransa ya ba shi haƙuri.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da rigar roba da ta yi rawaya don tsufa, da sandar ɗaukar hoto mai ƙafa uku wadda ɗaya ta gurgunce. Ta bar fitila mai zobe da yara suka riga suka gada suna karatu da ita. Ta bar layi guda, wanda aka ciro da rai, yanzu yana zaman takaba a cikin wata 'yar ƙaramar waya mai madannai da ba ta da ido ko ɗaya. Ta kuma bar dangi sama da arba'in waɗanda daga yau za su koma fuskokinsu na gaskiya, ana roƙon jama'a su taya su haƙuri.

Za a yi mata sutura da kwalinta na asali ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a sa ta a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsofaffin makullan da ba a san ƙofarsu ba. Za a karɓi gaisuwa a falon gidan. An ɗage dokar hana fito da waya, kowa ya zo da tasa. Mai ita yana roƙon duk wanda ya taɓa saɓa masa ya ɗauki Inna a ɓoye, ko daga nesa, ko ta gefe, ko da rabin fuskarta ne a bayan wani, ya taimaka ya duba. Duhu ba laifi ba ne, karkata ba laifi ba ce, in dai ɓangaren hagu ya fito. Ya yi alkawari a gaban Yaya ba zai taɓa hasken ba. Zuwa yanzu an tambayi mutum talatin da ɗaya, duka sun ce sun bi doka.

Masu zuwa gaisuwa za su ga hoton wata kyakkyawar mata mai santsin wuya rataye a saman kujerar da zai zauna. Ana roƙonsu kada su tambaye shi 'yar gidan wa ce.