Yaƙin Tanimu da Alhamzar Hajiya Sa'adatu

Da sunan Wanda Ya halicci giwa Ya kuma halicci ƙwarƙwata, Ya ba kowacce aikinta. Bayan haka, wannan tarihin Tanimu ne, ɗan Buhari Mai Gyaran Janareto, ɗan Gambo Mai Rediyo, ɗan Mijinyawa wanda masana nasaba suka haɗu a kan cewa shi ne mutum na farko a duk faɗin Funtuwa da ya kwance agogon bango don ya ga mai buga ƙararrawar da ke ciki, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa agogon bai sake bugawa ba. Gida ne na kwancewa tun kaka da kakanni. Haɗawa kuwa sai wanda Allah Ya ba.

Daga wannan tsatso mai albarka aka sami Tanimu, gwanki sha bara, barden madannai, garnaƙaƙin da idan ya danna maɓalli bene kan girgiza, ko da yake masu hassada sun ce tirelar auduga ce ke wucewa. A ƙasan benen ya fara, wurin injin fotokwafi, yana shaƙar ƙurar tawada, har Oga Nasidi mai kamfanin ya hau da shi sama ya ɗora shi a kujera mai juyawa a kan sharaɗin gwaji. Tun ranar mahaifiyarsa Inna Kande ta daina kiran sunansa na yanka. Ko daddawa za ta aike shi saya, sai ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji ta ce Injiniya.

Ana nan sai ƙungiyar mata masu ɗinki ta yankin ta buƙaci shafin intanet inda kowace mamba za ta rubuta sunanta a ba ta kati. Shugabarsu, Hajiya Sa'adatu Mai Atamfa, wadda ko keken ɗinki kan yi shiru in ta yi gyaran murya, ita za ta fara shigar da nata a gaban taro. Oga Nasidi ya kira jarumin namu ya yanke hukunci a taƙaice.

"Tanimu, in shafin nan ya tsaya da ƙafarsa ranar buɗewa, kujerar nan taka ce. In ya faɗi a gaban Hajiya, injin ƙasa bai manta da kai ba."

Sai sadaukin ya ɗaura ɗamara, ya gina shafi, ya haɗa shi da saba, wato babbar kwamfutar nan da ba a gani, mai karɓar abin da mutane suka rubuta tana zuba shi a rumbun ajiya. Kuma kada wani maƙiyi ya ce bai yi gwaji ba. Ya yi. Ya rubuta Tanimu, ya shiga. Ya sake rubuta Tanimu, ya shiga. Ya rubuta Tanimu Babba, ya rubuta Tanimu Ƙarami ba tare da lanƙwasar Ƙ ba, har da wani suna da ya samu ta hanyar ɗora gwiwar hannu a kan madannai yana hamma, duk suka shige salin-alin. Ya miƙe ya sanar da talikai cewa an ci gari.

Ana gobe buɗewa, da hantsi, Oga Nasidi ya ja kujera ya ce bari shi ma ya taɓa. Ya rubuta sunan Hajiya yadda aka raɗa mata shi, ya danna. Nan take sama ta yi duhu a cikin zuciyar Tanimu, domin shafin ya koma fari fat kamar likkafani, ba komai a kansa sai tutar abokan gaba, wadda duk ɗan sana'ar nan ya san ta yana kuma tsoronta: Kuskure na Ɗari Biyar.

A nan ne barden ya saki kirarin da magabatansa a wannan fanni suka gada wa junansu a kowace nahiya.

"Wallahi a kwamfutata yana aiki."

"To mu ɗauki kwamfutar taka mu bi matan gida-gida da ita," in ji Oga, ya tashi ya tafi ɗaurin aure.

Sannan aka gwabza. Da farko mujahidin ya kai farmaki kan netiwok, ya ɗaga akwatin intanet ya leƙa da shi ta taga yana juya shi gabas da yamma, alhali akwatin, bawan Allah, bai ji ba bai gani ba. Ya zaro makamin kakanni, wato kashe-kunna, ya kashe saba ya tayar da ita har ta gaji da mutuwa. Ya tuhumi masu wuta. Ya tuhumi mai kemis ɗin maƙwabta da sa hannu, don tun ranar da aka hau da shi sama mutumin ke masa wani irin kallo. Masarsa ta huce a leda, ƙuda suka yi ganima da ita, shi ko ta kanta bai bi ba. Gaskiya tsoro ya kama shi, tsoro na sosai, domin ta tagar yana jiyo kukan injin fotokwafi, kuma ya san in ya sauka matakalar nan gobe, Inna Kande ba ta da fuskar shiga gidan suna a unguwarsu.

Da dabara ta ƙare masa, sai ya yi abin da ya kamata ya fara yi tun da hantsi: ya buɗe saƙon da sabar ke rubutawa duk sanda ta faɗi. Ashe baiwar Allah tana ta faɗar ciwonta ba mai saurare. Ta ce ta ruɗe ne a daidai "adatu".

Tanimu ya ƙura ido. Wace ce Adatu, kuma wa ya aiko ta? Ya tara rundunar sunaye ya riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya cikin bakin daga. Talatu ta wuce. Asabe ta wuce, Uwani ta wuce tana rangaji. Asma'u ta faɗi. Rabi'atu ta faɗi, Shafa'atu ta bi ta, ko shurawa ba ta yi ba. Sai hijabi ya yaye daga idon jarumin, ya ga abokin gabar da ya hana shi cin masa: alhamza, ɗan waƙafin nan da ke rataye a sama, wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Ga yadda makircin yake. A yaren rumbun ajiya, wannan ɗan ɗigo na nufin magana ta ƙare a nan. Shi kuwa Tanimu ya dama sunan mutum da umarnin da yake ba rumbun a kwano ɗaya. Sai rumbun ya karanta "Sa", ya ce to suna ya ƙare, ya ɗauki "adatu" a matsayin umarni daga sama, ya rasa yadda ake aikata adatu, ya zube. Kuma ta wannan kafa ce ɓarayin intanet kan cusa nasu umarnin su yashe rumbu, ka ji girman abin.

Shaiɗan ya matso ya raɗa masa cewa ai sai ya sa shafin ya riƙa share alhamzar kowa, wa zai sani? Tanimu ya buga tebur.

"Sunan da aka yanka wa rago ba zan yanke masa kunne ba."

Ya raba su: umarni a hannu guda, suna a rufe cikin kwanonsa a ɗaya hannun, yadda rumbu zai karɓa ya ajiye ba tare da ya buɗe ya nemi yi masa biyayya ba. Bai tsaya nan ba. Ya kafa dakarun gwaji masu tashi da kansu duk lokacin da aka taɓa manhajar, ya sa Sa'adatu a sahun gaba, ya jera Asma'u da Rabi'atu a bayanta, ya ƙara da 'yan Ƙanƙara da 'yan Ɗandume saboda lanƙwasa, har da wadda ta bar gurbin suna fayau. Ya yi atisayen a sabar gwaji, ba a ta jama'a ba. Kafin la'asar duk fitilun gwajin suka yi kore, alamar an ci nasara.

Kashegari zaure ya cika da mata da ƙamshin humra. Hajiya Sa'adatu ta zauna gaban kwamfuta, ta gyara tabarau, ta miƙa yatsa ɗaya mai lalle. Tanimu ya tsaya a bayanta ƙirji waje, yana jiran ganin maƙiyinsa ya shiga rumbu a ɗaure. Ta rubuta Saadatu.

Ya sunkuya cikin ladabi. "Hajiya, an manta alhamza."

"Bar shi, ɗan nan. Injinan nan ba sa son wannan abin. Tun a banki na daina sa shi."

Ta danna, suna ya shige, guɗa ta tashi, aka yi ta sa wa Oga Nasidi albarka. Abin ya tsaya wa Tanimu a rai. Kafin a buga katin, ya lallaɓa ya mayar mata da alhamzarta, don dai jinin da aka zubar kada ya tafi a banza.

Hajiya ta karɓi kati, ta nesanta shi da ido, ta matso da shi.

"Nasidi, wa ya sa mini ƙwaro a tsakiyar suna? Ai ya saɓa da na katin ɗan ƙasa. So kuke a ce ba ni ba ce?"

"A gafarce mu, Hajiya, yaro ne." Oga ya juyo, ya rage murya. "Cire shi. Kujerar taka ce, amma don Allah ka koyi gwada aiki kafin ka kawo shi gaban mutane."

Barden madannai, tattaɓa-kunnen Mijinyawa, ya sa yatsa ya danna maɓalli sau ɗaya, bene bai girgiza ba. Har yanzu dai akwai Sa'adatu guda mai alhamza a cikin dakarun gwajinsa, kullum da safe takan shiga rumbu ta fito lafiya, kuma ban da shi ba wanda ya san da ita.