Yadda Za Ka Ɓoye Budurwa a Cikin Waya

Ɗan'uwa, in kana da waya, kana da budurwa, kuma kana zaune a babban gida inda ake ɗaukar wayarka kayan kowa kamar turmin tsakar gida, matso kusa. Ni ne Malam Zubair, mai gyaran waya a bakin tasha a Malumfashi. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan babu mahaluƙin da zai karanta ko harafi ɗaya a wayarka. Na gwada su a kan Zaharaddeen, wani saurayi manomi daga Ƙarfi, kuma aiki ya yi kyau.

1. Ka san abin da kake ɓoyewa

Ta Zaharaddeen sunanta Sa'adiya, 'yar Gozaki. Sun daidaita tsaf. Matsalar ita ce yaron nan zai ɗaga buhun masara shi kaɗai ya ɗora a babur, amma ba zai iya buɗe baki ya ce "Baba, aure nake so" ba. Shi kuma mahaifin Sa'adiya ya ce kada ya sake ganinsa a ƙofar gida sai da magabata, kuma kafin girbi, domin akwai wani mai shagon taki daga Funtua da ke ta kawo gaisuwa.

A irin wannan hali, mai gaggawa zai je ya sami iyayensa. Kai kada ka yi haka. Ka fara da tsare waya.

2. Ka canza mata suna

Kada ka rubuta "Sa'adiya", balle "Hasken Raina". Mu "Mai Maganin Feshi" muka sa. Sai dai ka kula da fuskarka. Babu manomin da ke murmushi har kunne don mai maganin feshi ya tuna da shi.

3. Ka sa lambar sirri, ka yi ta canza ta

Ban da shekarar haihuwarka, kowa a gidan ya fi ka saninta. Ka zaɓi lambar da ba ta da dangi da komai a rayuwarka, duk Juma'a ka sake wata. Ranar da kai kanka ka fara kokwanto, to tsaro ya kankama.

4. Ka koya wa wayar yatsanka

Ka yi wannan da rani, lokacin da hannu ya huta, babban yatsanka ya yi sumul kamar na ma'aikacin ofis. Daga nan ba ka ƙara bukatar tuna lamba. Ka dangwala, ta buɗe. Masana irinmu sun tabbatar yatsan mutum ba ya canzawa.

5. Ka tanadi yatsan ajiya

Nan ne gwanintata take. Ka nemi mutum ɗaya a gidan wanda bai iya karatun boko ba, ka sa yatsansa shi ma, saboda tsaro. Zaharaddeen ya zaɓi kakarsa Nana, wadda ke kiransa "maigidan" cikin wasa tun yana rarrafe. In zai tafi gona sai ya bar mata wayar ta saurari wa'azi, ya tafi hankali kwance. Me tsohuwa za ta gane a "Mai Maganin Feshi"?

Sannan ku daina rubutu, kai da budurwar. Rubutu ana leƙa shi ta bayan kafaɗa. Ku koma saƙon murya.

In ka dawo daga gona ka tarar saƙonnin sun nuna alamar an riga an saurara, kada ka damu. Zaharaddeen ya tambaye ni, na ce masa matsalar sabis ce.

6. In damina ta faɗi, ka yi haƙuri

An yi noman farko, an shiga maimai, sai ga Zaharaddeen a shagona idonsa ja.

"Malam Zubair, wayar nan ta ce ba ta san ni ba."

Na duba yatsan. Fartanya ta gama da shi: kanta, tsagewa, ga taki ya ci gefe. Ni ma da ni ce wayar ba zan buɗe ba.

"Sa lambar mana."

"Wacce daga ciki?"

"To, yatsan ajiya fa?"

"Nana ta tafi Dandume barkar haihuwa. Ta tafi da shi."

Lambar Sa'adiya na cikin wayar, bai haddace ba. Gozaki kuma an hana shi zuwa. Yana gani a fuskar wayar saƙon Mai Maganin Feshi na shigowa, ɗaya bayan ɗaya, ba halin ji. Daga baya ma suka daina zuwa. Masara ta fara fitar da goyo, girbi na matsowa. Ya zauna a bencina ya ce, "Shi ke nan, za ta ce na gudu." Wallahi ya ba ni tausayi, har ruwa na saya masa. Amma ka lura, duk tsawon lokacin nan ba wanda ya shiga sirrinsa, har shi kansa.

7. Ka je ka durƙusa wa mai yatsa

Ranar da Nana ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ya miƙa mata wayar da hannu biyu. Ta dangwala, ta buɗe. Kafin ya karɓe, tsohuwar nan ta taɓa koriyar alamar nan ta saƙonni, ta taɓa sunan da ke sama, ta danna kibiya, ko duban wurin ba ta yi sosai ba. Sabon saƙo ne na safiyar ranar. Muryar Sa'adiya ta cika ɗakin:

"Nana, ina kwana. Kin isa gida lafiya? Inna na gaishe ki, ta ce an gode da daddawa. Baba ya ce su Kawu su zo ran Lahadi. Shi kuma jikan naki, ki ce masa na yi fushi."

Zaharaddeen ya nemi ƙasa ta tsage.

"Nana, ba Dandume kika je ba?"

"Na biya ta can."

"Amma ai ba ki iya karatu ba!"

"Da ido ake jin magana? Tun rani yarinyar nan take cewa ka turo, ka turo, kana ce mata insha Allahu. Na ga maigidan nawa zai insha-Allahu har a kai ta Funtua. Sai na danna na ce mata, 'yar nan, kakarsa ce, yi magana da ni. Ubanka ma ni na gaya masa. Cewa ya yi shi ya zaci ciwon ciki ke damunka."

Yaron ya sa fuska a cinyarta ya yi kuka, tana dungure masa kai.

A kula

Ni alkawarin karatu na yi, ban ce komai a kan kunne ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da mata, surukai da hidimar biki, kada ya nufo shagona, ba da ni aka yi ba. Haka kuma ba na gyaran yatsa.

An ɗaura auren bayan girbi. Wayar dai har yau mutum ɗaya ta sani a gidan. In ango na son ya kira amaryarsa daga kasuwa, sai ya fara biyawa ɗakin Nana da safe, ya yi sallama, ya jira ta idar da lazimi.