Ranar Da Na Kama Awarwaron Hajiya Falmata Da Laifi

A biro, wato ofishin ƙungiyarmu ta makiyaya a Gure, ni ne masanin intanet, don ni kaɗai na san inda ake kashe akwatin wifi a sake kunnawa. Ranar da za mu aika rahoto Damagaram kafin azahar, rezo, wato layin intanet, ya yi ta yankewa. Na zauna na sa ido, na gano duk sadda sakatariyarmu Hajiya Falmata ta shigo, sai ya ɗauke.

Na miƙe a gaban shugaba na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, awarwaronki ne. Ƙarfe yana shanye rezo."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta cire su ɗaya bayan ɗaya ta jera a teburina. Rezo bai dawo ba. Na ce a ƙara da 'yan kunne.

Rahoto bai tafi ba. Washegari mai gyara ya zo, ya ce laifin talho marar igiya ne da Hajiya take shigowa tana amsawa, shi ke katse rezo. Ni na girka mazauninsa a jikin akwatin wifi.

Har yau in na ratsa kasuwa, mata suna kaɗa mini hannu: "Injiniya, mu cire, ko ka gama aikawa?"