Rasuwar 'Yar Baƙa, Kwamfutar Gidan Malam Yunusa na Maruta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Malam Yunusa na Maruta, ƙasar Gwaram, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan cinyata, bayan jinyar kwana huɗu. Shekararta tara a gidan nan, tun da ɗana Kamaluddeen ya kawo ta daga Kano.

Marigayiya ba ta da yawan magana. In an kunna ta sai ta ce "huuuu", ta yi shiru. A jikinta nake jin karatu, a jikinta nake kallon shanun wasu ƙasashe masu nono kamar tulu. Aibinta ɗaya, nawar tashi. Kana kunna ta, ka je ka ba awaki dusa ka dawo, tana nan tana shiri.

Da auren 'yata Hidaya ya matso, aka zuba katin gayyata a cikinta da sunayen mutanen da za a kai wa. Ta ƙara nauyi. Safiyanu mai gyara na Birnin Kudu ya ce a ƙara mata wani ɗan allo kore da ake kira ram, shi ne ƙarfin tunaninta, amma a sayo mai lamba ɗaya da na cikinta. Ni kuwa da na je shago sai na zaɓa yadda nake zaɓen sa, na duba tozo. Na ɗauki wanda lambarsa ta fi girma.

Aka saka. Maimakon gudu, sai ta riƙa sumewa, fuskarta ta yi shuɗi. Na kira Safiyanu, ya ce sabon ya fi tsohon sauri, dole ya rage gudu ya bi tsohon, wani lokacin ma ba sa jituwa sam, in kawo ta ya duba. Na ce masa wannan ai ba ilimi ba ne, huɗa ce. Shekara arba'in ina haɗa ɗan bijimi da tsohon sa a garma ɗaya, shi zai koya mini?

Na yi wa sabon ram da tsohon abin da ake yi wa shanu. Na bar su tare kwana uku su saba da juna. Ba su saba ba. Rana ta huɗu na sauya musu gefe, na dama ya koma hagu. Tsohon ya shiga lafiya lau, da ma babba ya san girma. Sabon ya tirje. Na juya shi, ya ƙi. Uwargida Hapsatu ta ce in bari, garin neman gira ake rasa ido. Amma sa mai gardama ba a lallashinsa, sai na ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙotar lauje. Sau biyu kacal, kada wani ya ƙara.

Na kunna ta. Ta ce "ƙiit, ƙiit, ƙiit", wani ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan rago. Kalamanta na ƙarshe ke nan.

Ta rasu ta bar caja guda, da jaka mai yagaggen zif, da tsohon ram wanda ba shi da laifin kowa. Sabon yana ɗaure a leda, ba na son ganinsa. Ta tafi da katin Hidaya da sunaye duka, ga aure saura kwana huɗu. Wanda ya ga gemuna ya kama da wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Masu cewa ni na kashe ta kuma, na ji, kuma na san muryoyinku.

Jana'iza: liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla. Binnewa ma Hapsatu ta hana, ta ce bayan marigayiya zai yi kyau da shanyar kuɓewa. Safiyanu zai zo ya ga gawa, an roƙe shi kada ya ce komai.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe, a ƙofar gidana. Lokacin da wurin sun yi daidai da ɗaurin auren Hidaya, ba kuskure ba ne. Duk wanda ya karanta wannan takarda, katinsa ke nan, kada in ji wani ya ce ba a gayyace shi ba. A zo da babbar riga. Akwai goro.