Hagu Biyu

Farkon zuwan Faransawa, tafintan kumandan ya zo rumfata a kasuwar Matameye da takalmi ƙafa ɗaya. Ya ce, "Baduku, za ka iya ɗinka wa kumandan irinsa?"

Ban taɓa ɗinka takalmin Nasara ba, amma na ce, "Ni kake tambaya?"

Kwana tara ina fama, ban bar zare ɗaya ya karkace ba. Duka biyun suka fito sak da wanda aka kawo.

Kumandan ya saka, ya yi taku uku, ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Tafinta ya matso ya ce, "Baduku, yana da ƙafar dama fa."

Har yau in na nuna wa baƙo hanya, sai makwabta su ce, "Kada ka bi, hagu kaɗai ya sani."