Nomau da Jirgin da Ba Ya Shan Mai

Na san akwai masu karanta wannan da za su taɓe baki, su ce tsohuwa ta fara shaci-faɗi. Ban damu ba. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, ba kuwa zan soma yanzu da furfura a kaina ba. Abin da nake faɗa shi ne, a garin Gangaren Kanya jirgin sama ya taɓa tsayawa cak a sararin samaniya, yana jiran izinin mutumin da ko sayen gishiri ba a cika aikensa ba, kuma bai sami izinin ba.

Sunan mutumin Nomau. Su uku ne a gidansu na bakin fadama: shi, da matarsa Delu mai tuyar ƙosai, da yayarsa Malama Turai, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Malama Turai mace ce mai kamun kai, mayafinta kullum a goge, kuma ta gwammace ta kwana da yunwa da a ambaci gidansu cikin raha a bakin rijiya. Shi kuwa Nomau ba mahaukaci ba ne, ba kuma rago ba. Illarsa guda ce: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi, ba ƙari.

Da damina hanyar mota kan yanke, attaruhu ya ruɓe a kwando, mai naƙuda ta wahala a amalanke. Ana cikin haka wani kamfani ya zo da jirgi mai aiki da batir, ba ya shan mai, ba ya buƙatar dogon fili. Farfeloli ne jere a fikafikansa, yana tashi tsaye kamar an jawo guga daga rijiya, ya sauka haka nan. Ranar da ya fara zuwa, mata sun bar tukwane a wuta, liman da kansa ya fito da takalmi wari guda. Malama Turai ta ba da gefen gonarta aka zuba dandamalin siminti, sa'an nan ta nema wa ƙanenta aikin gadi. Injiniya Sallau, wakilin kamfanin, ya ja ta gefe.

"Malama, na ji labarinsa fa."

"Ni na tsaya masa," in ji ta. "Sunana ne jingina."

Injiniya ya ce to, amma gwaji ne zuwa ƙarshen damina. In aka sami matsala, za a mai da tashar Rafin Ɗinya, garin da 'yan Gangaren Kanya ba sa son ko jin sunansa.

Wata rana Injiniya ya ce wa Nomau, "In jirgi zai sauka, kada ka bar komai mai motsi kusa da dandamali." Nomau ya kori kaji, ya ɗaure awaki, ya fatattaki 'yan kallo har bayan masallaci. Da ya waiwaya, sai ya ga jan ƙyallen nan mai kama da ƙafar wando da aka rataya a kan dogon ƙarfe, wanda matuƙiya ke dubawa ta san inda iska ta nufa. Yana ta kaɗawa. Nomau ya hau, ya sauko da shi, ya ninke, ya zauna a kai. Kyaftin Barira, matuƙiyar jirgin, sai da ta yi ta kewaya gari tana kallon hayaƙin ƙosan Delu kafin ta sauka. Ta fito tana huci.

"Malam Nomau, ina ƙyallen iska?"

"Ga shi nan ƙarƙashina, ranki ya daɗe. Tun ɗazu bai ƙara motsi ba."

Wata rana kuma aka kawo sikeli, domin jirgin ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙima. Kyaftin ta ce, "Duk abin da zai shiga, ka auna shi, ka faɗa da ƙarfi in ji daga ciki." Ran kasuwa ce, jama'a sun yi dafifi. Nomau bai iya karanta lamba ba, saboda haka da buhu yake kwatance. Ya auna albasa, ya auna kwandunan attaruhu, sai ga Hajiya Gwamma, dillaliyar gwala-gwalai, za ta birni biki, ta sha leshi da turare. Ya ce ta hau. Ta hau tana harararsa. Nomau ya cika ƙirji da iska, ya kwarara murya har mahauta suka jiyo:

"Hajiya Gwamma ta ɗara buhun masara da tunkiya!"

Kasuwa ta ɗauki shewa. Hajiya ta nemi ruwa ta sha don ta huce, Nomau ya ce sai ta sake hawa, tunda ruwan ma shiga zai yi. Ana wannan taƙaddama ƙuda ya faɗa cikin jirgin. Nomau ya tare ƙofa da hannuwa biyu, ya rantse ba mai tashi sai an kamo shi an auna. A daren nan Malama Turai ba ta iya cin tuwo ba. Washegari ta yafa mayafi ta tafi gidan Hajiya Gwamma ba da haƙuri, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Wata rana aka yi rana mai ƙuna bayan ruwa. Kyaftin ta jona wa jirgin wayar caji, za ta shiga gari ta yi sallah ta ci abinci, ta ce, "Batirin nan ba ya son zafi. Ka kula mini kada rana ta dake shi." Nomau ya ruga gida. Ya tuge dirkokin rumfar Delu, ya kwashe zanan ɗakin awaki, ya aro igiya a maƙwabta. Kafin la'asar ya kafa wa jirgin rumfa mai kyau, ya ɗaure ta tamau, ya zauna a gindi yana yi masa fifita da maficin kaba. Kyaftin ta dawo da fasinjoji, ta ɗaga kai, ta riƙe haɓa.

"Malam Nomau, jirgin nan sama yake tashi tsaye. Ta ina zan fita?"

"Ai ba ki yi maganar fita ba, ranki ya daɗe. Taɓa shi ki ji, sanyi ƙalau."

Delu kuwa tana daga nesa da kaskonta a rana tana cewa, "Malam, ni da na shekara ina roƙon ka gyara mini rumfar nan, ashe ka iya!"

Labari ya kai Rafin Ɗinya, har suka fara share fili. Malama Turai ta daina zuwa suna da biki. Da aka ce manyan kamfanin za su zo da kansu su yanke hukunci, ta kira ƙanenta tun da hantsi, ta zaunar da shi, ta cire tabarau.

"Nomau, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau abin da Injiniya ya ce, shi kaɗai za ka yi. Ko ni na ce maka wani abu daban, kada ka saurare ni."

"To, Yaya."

Wata rana, wato ranar nan, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa, Injiniya Sallau, wanda damina ta tsare motarsa a cikin gari, ya iso da ita tun da wuri. Ya tarar da Nomau yana share dandamali, ya tare shi a tsakiya, ya ƙwace tsintsiyar.

"Yau ba na son taimakonka. Kada ka taɓa komai. Tsaya nan, kada ka gusa sai na dawo."

Ya shiga mota ya tafi ɗauko mai gari. Ba a jima ba aka jiyo shuuu daga gabas, jirgi ya iso da manyan baƙi kafin lokacinsa. Gari ya ɗauki guɗa, makaɗa suka saki kalangu. Jirgi ya zo daidai kan dandamali, ya tsaya, ya fara saukowa. Nomau na tsakiya kamar an dasa shi. Iskar farfela ta fizge masa hula, rigarsa ta lulluɓe masa kai, bai ɗaga ƙafa ba. Kyaftin ta leƙo tana yi masa alama da hannu. Jama'a na ihu, "Kauce! Kauce!" Malama Turai ta manta da mayafi, ta manta da girma, ta taho a guje cikin taɓo.

"Nomau! Don girman Allah ka gusa!"

"Yaya, ke kika ce kada in saurare ki!"

Malama ta dafe kai. A ranta ta riga ta ga tashar a Rafin Ɗinya, ta ji abin da za a riƙa faɗa a bakin rijiya har ta mutu. Kyaftin ta ga batir ba zai jure tsayuwa ba, ta karkata, ta sauka lafiya a filin ƙwallon makaranta mai jan tsakuwa.

Injiniya ya hango komai daga hanya. Ya tako mota a fusace, bai tsaya a gefe ba, ya hau da ita kan dandamalin don ya finciko Nomau da hannunsa. Sai aka ji ƙaf! Siminti ya tsage, gaban motar ya nutse har gilashi, ruwan laka ya yi tsiri. Ashe tsohon ramin gini ne a wurin, wanda aka cike da shara tun zamanin kakanni, ruwan kwanakin nan ya rarake ƙarƙashinsa, saman kawai ya rage kamar ɓawon ƙwai. Motar Injiniya ba ta kai jirgin da mutanensa nauyi ba.

Manyan baƙi suka ƙaraso da ƙafa, suka leƙa ramin, babbansu ya cire hula yana salati. Kyaftin Barira ta dubi ramin, ta zauna a ƙasa. Injiniya ya fito ta tagar mota, laka har wuya. Nomau na nan tsaye a kan ɗan guntun simintin da ya rage, rami ta gaba, rami ta hagu. Ya gyara rigarsa, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ka dawo? In gusa?"

Tashar ba ta je Rafin Ɗinya ba. An sake zuba dandamali a jan tsakuwar bayan makaranta, Nomau ne maigadi har yau, sai dai yanzu Delu ce ke fassara masa umarni. Malama Turai ta koma zuwa biki, tana zama a sahun gaba, in an tambaye ta sai ta gyara tabarau ta ce ita dama ta san wanda ta tsaya wa.

Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri, ba zan yi musu da shi ba. Ya hau jirgin ran kasuwa, ya sauka a Gangaren Kanya, ya nemi Injiniya Sallau, mutumin da ba shi da dalilin yabon Nomau ko kaɗan. Ya tambaye shi inda motarsa ta kwana.